Farcen Mama a Kan Tumatir

Shekarar da na fara gabatar da shirin noma a gidan rediyo, na je hutu gida, can wajen Godogodo. Bayan ɗakin girki Mama tana da kunya biyu na tumatir, ƙananan nan masu tsami da ta gada daga kakarmu. Iri ya ƙare a gidajen 'yan'uwa duka. In waɗannan suka mutu, shi ke nan.

Kowace safiya takan bi su ɗaya bayan ɗaya, tana tsinke tohon da ke fitowa tsakanin reshe da kara, tana murza ganye da farce.

Na ce, "Mama, kina ji musu ciwo. Ta nan cuta take shiga."

Ta ce, "To, 'yar rediyo. Ɗauki kunya ɗaya ki yi mata turancinki."

Na ɗauka. Na ba ta ruwa, na ba ta taki, ban bar kowa ya taɓa ta ba. Bayan mako uku na ɗaga ganye, sai ga farin ƙuda ya tashi kamar gari, ƙasan ganyen duk danƙo. Na Mama ma akwai, amma jefi-jefi.

Na buga wa wani malamin gona da nakan gayyata cikin shirin. Ya saurara, sai ya yi dariya. Ya ce in aka ji wa tumatir rauni, yakan saki wani sinadari da ke zagaya jikinsa yana cewa a shirya, ganye ya daina yi wa ƙwaro daɗi. Shi kuwa farin ƙuda da siririn baki yake tsotsa, a hankali, har ya ruɗi shukar ta shirya wa wata cuta daban. Mai yiwuwa, in ji shi, farcen Mama yana tashin nata da wuri. Ya nanata "mai yiwuwa".

Na faɗa mata yadda ya faɗa, har da nanatawar.

"Shi yana da tumatir?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ki tambaye shi. In ba shi da, mu aika masa."

Muka cire ganyen da suka lalace a kunyata, ta nuna mini inda ake sa farce. Rabinsu suka rayu. Nata suka yi 'ya'ya har sandar da ta tokare su da ita ta karye, muka matse mafi nuna a ƙwarya, muka shanya irin a kan tsohon buhu. Na yini a wurin ina korar kaji.