Matar da ta zo banki da uwar adashenta

Wata rana, a shekarar da ta gabaci bara, na'urar cirar kuɗi ta haɗiye mini kati.

Kun dai san ni da fargaba. Kafin in isa bankin, zuciyata ta gama ba ni labarin yadda ɓarayi suka kwashe 'yan kuɗin makarantar yara.

Ashe ba komai, katin ne ya tsufa. Aka ce in zauna in jira sabo.

A bencin jira na tarar da mata biyu. Ɗaya sa'ata ce, hannayenta duk tabon mai irin na masu suya. Ɗayar tsohuwa, da sandarta, ta ci ado kamar za ta biki.

Ni kuwa baki ba ya zama shiru idan hankalina ya tashi. Muka gaisa, hira ta ɓarke.

Baiwar Allahn nan mai tabon mai, kayan gara take yi: alkaki, dubulan, nakiya, cincin. Mijinta ya rasu ya bar mata yara a gidan haya. Ga shi mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakunansa bayan Sallah.

Ta ce duk inda ta je neman haya, da sun ji suya take yi sai su ce ba sa son hayaƙi. Idan ba ta samu wuri ba, sai dai ta raba yaran a gidajen dangi.

Uwa ce kaɗai ta san nauyin wannan magana.

Amma ta zo da murnarta. Ta ga wani ɗan gida a bayan gari, kuma an gaya mata bankin, da yake ba na kuɗin ruwa ba ne, yana saya wa mutum gida ya riƙa biya a hankali. Abin da ake fara bayarwa ma ta tara shi, da kwasar adashe.

Na ce, "Ita kuma Iya fa?"

Ta ce, "Iya Hansai ke nan, uwar adashenmu. Shaida na kawo."

Kun ga, yadda muka saba. In za ka karɓi kaya a kasuwa, sai ka tafi da babba ya tsaya maka.

Aka kira su. Teburin ma'aikaciyar yana kusa da ni, ba saurare na yi ba, kunne ne ba shi da marfi.

Yarinya ce mai ladabi. Ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Mama, kin taɓa karɓar wani abu bashi a banki, ko kaya na biya a hankali?"

Matar ta gyara zama. "Allah Ya kiyaye! Ko na sisi."

"Cinikinki fa, ta asusu yake shigowa?"

"A hannu ake ba ni. Da yamma in kai zubi."

Sai Iya Hansai ta buga sandarta a ƙasa.

"Ke 'yar nan, dube ni da kyau. Tun tana goyon fari take zubi a hannuna. Ranar da aka kai mijinta makwancinsa, zubinta bai yi fashi ba. A kawo Alƙur'ani in dafa!"

"Iya, wallahi na yarda da ke. Amma masu sa hannu a sama ba za su gan ki ba. Tarihin biyanta za su duba, su ba shi maki. Nata kuwa babu komai a ciki, ba mai kyau, ba marar kyau."

"Au! Rashin cin bashin ne ya zama laifi?"

"Ba laifi ba ne, Iya. Amma wanda ba a taɓa gani da kaya a ka ba, wa ya san ƙarfin wuyansa?"

Tsohuwa ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. A zamaninmu mai bashi ake gudu. Yau marar bashi ake kora."

Har mai gadi sai da ya yi dariya. Matar dai ba ta yi ba. Gefen mayafi ta sa ta goge ido.

Yarinyar ba ta sallame su haka ba. Ta ce wa matar ta riƙa sa masu sayen kaya suna turo kuɗi ta asusu. Ta ce kuma ta ɗauki wani ƙaramin abu na sana'a na biya a hankali da ba zai fi ƙarfinta ba, ta biya kowane wata a kan lokaci. Bayan nan ta dawo.

Da za su tafi na karɓi lambar mai kayan garar, don ina da 'yan mata a gabana, gara kuwa ba ta sallama.

Kwanaki na yi ina tunanin yaran nan.

Watan jiya, da aka sa ranar Rumasa'u, 'yata ta biyu, na kira ta a kan alkaki. Ta yi mini kwatance na je.

Ba zan ɓoye muku ba, wancan gidan ya wuce ta, wani ya saya. Ƙananan yaran ma sai da suka yi watanni a wurin ƙanwarta, ita da manyan suna ɗaki ɗaya a gidan Iya Hansai.

A nan ta bi shawarar yarinyar. Ta ɗauki injin markaɗe na biya a hankali, ba ta taɓa bari wata ya zagayo mata ba. Adashe ma ba ta daina ba, sai dai ta waya take tura zubi, Iya tana mita wai kuɗin da ba a taɓa da hannu ba shi da albarka.

Da ta koma bankin, suka gan ta, suka saya mata wani gidan.

Gidan da na same ta ɗaki biyu ne da tsakar gida. Ko filasta ba a yi wa bayansa ba, hanyar kuma in an yi ruwa sai an tattare zani. Amma ga yara duka a tabarma ɗaya, suna faɗa a kan gutsuren dubulan.

Na ce, "Ranar da kika tare, me kika fara yi?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Ƙusa na buga a bango."

"Me za ki rataya?"

"Ba komai, Yaya. So nake in buga ban nemi izinin kowa ba."

Darasi:

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, abin da idona ya gani nake faɗa. Ban ce ku je ku ci bashi ba, don Allah kar a juya mini magana. Amma in kina da burin gida ta hanyar banki, amanarki da unguwa ta sani ba ta isa can da ƙafarta. Ki bar mata sawu tun kafin ranar buƙata. Abin da kika ɗauka, komai ƙanƙantarsa, ki biya a kan kari.

Ki tura wa 'yar uwarki da ke zaman haya, da duk wata uwar adashe da kika sani. Allah Ya ba kowa nasa muhallin.