Motar Malam Sule da ƙarar da ta gagari bakanike

Jama'a, wallahi ba tatsuniya zan ba ku ba, a kaina abin ya faru shekarun baya, lokacin ina jigilar fasinja tsakanin Ikara da Makarfi. Na sayi wata mota ta hannu wajen magadan wani direba, Malam Sule, Allah ya jiƙansa. Mota lafiya lau, sai dai duk sanda na doshi kwanar wani ƙauye kusa da Gazara sai injin ya kama tak-tak-tak, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, in na wuce kuma ya yi tsit.

Na kai wa bakanikena, Oga Bala, mutumin da surutunsa ya fi aikinsa. Ya kafa sukudireba a jikin injin ya ɗora kunne a kai, ya duba baƙin mai, ya sauya filogi, sannan ya ce, "Direba, ko dai kunnenka za mu kwance? Motar nan ta fi ka lafiya."

Ran nan da hantsi ƙarar ta tsananta a kwanar, raina ya ɓaci na taka birki. Ina buɗe bonet sai na ji an ce, "Sule, ka iso?" Wata tsohuwa ce makauniya zaune a gindin mangwaro. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Iya ai Malam Sule ya rasu. Ta ce ta sani, ita ce gwaggonsa da ta goye shi, kuma ba ta da kowa sai shi. Wai kullum sai ya tsaya ya kawo mata goro da maganin hawan jini, kuma da yake hon na firgita ta, sai ya riƙa buga zobensa a ƙofar motar don ta san shi ne. Ta ce, "Bugun nasa na ji yanzu."

Wallahi tausayinta ya fi tsoro yawa a raina. Tun daga ranar na maye gurbin Malam Sule, har ta koma kirana mijinta, tana tsokanata wai goron da nake kawowa duk daushe ne. In dai zan tsaya wajenta, injin ba ya cewa uffan.

Wata safiya ina tashar Ikara ina lodi, ban ma tayar da motar ba, sai tak-tak-tak. Na ba fasinja haƙuri na sauke su, na kama hanya. Na iske ta kwance jiki ya yi tsanani, ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe ya kira ka." Kafin azahar ta cika.

Har na rabu da motar ban sake jin ƙarar ba, kuma ni dai ban san mene ne ba, Allah ne masani. In kun sayi motar mamaci, ku tambayi inda yake tsayawa, wataƙila akwai mai jiransa a bakin hanya.