Ranar da Badamagare Ya Kira Aikina Shirme

Na yi yawo a duniyar nan har na manta sunayen garuruwan da na kwana, amma akwai wata rana a wani shago da ke unguwar Mount Hope, can Bronx ta Amurka, wadda ko tsufa ya lashe mini ƙwaƙwalwa ba na jin zai haɗa da ita.

Sana'ata ita ce tsara wa kamfanoni manhajar tafiyar da harkokinsu a kwamfuta. Ni kuma ɗan tsohon yayi ne, aikina hawa-hawa yake kamar ginin bene. Ka zauna da mai aiki ka ji buƙatunsa, ka rubuta ya sa hannu, ka zana, ka gina, sai a ƙarshe a gwada. In ka bar hawa ɗaya ba a so ka waiwayo, shi ya sa sa hannun nan yake da girma a wurinmu.

Wata yarinya ce ta neme ni, haihuwar nan Amurka, mai Hausa a karkace amma kai a miƙe. Mahaifinta, wani Alhaji mutumin Damagaram, shi ke aika wa mutane kaya gida a cikin duro, zuwa Kano da Zindar da Kumasi. Duk harkar a kansa take. To ga likita ya ce zuciyarsa na son hutu. Alhaji ya yanke cewa in har aka zo lodin kwantenar azumi yarinyar ba ta iya riƙe shagon ita kaɗai ba, sayarwa zai yi. Ita kuwa a cikin shagon nan ta yi rarrafe.

“Kawu, ka taimake ni,” ta ce. “Ka ciro abin da ke kan Baba ka zuba a kwamfuta.”

Na je da kwat da lakataye, ina jin kaina. Hausata kuwa ta sha yawo, ta kwana Legas, ta kwana Jidda, ba mai iya gane daga ina ta taso. Alhaji ya karɓe ni kamar baƙon gwamna. Duk abin da na karanta masa sai ya ce, “Madalla, Injiniya.” Na ce kowane duro mai shi ɗaya, mai karɓa ɗaya, haka ne? Ya ce, “Ya yi kyau.” Ya sa hannu. Na kawo zane, ya sa hannu. A raina na ce ban taɓa samun mai aiki mai sauƙin kai irin wannan ba. Ni da na girma a cikin Hausawa, wai na manta da abin da ake kira kara!

Ranar gwaji, azumi ya matso, yarinyar na zaune gaban kwamfuta, sai ga wata dattijuwa ta shigo da ɗan ƙunshi. Maganin ciwon gwiwa ne da tabarau, na yayarta a Zindar.

“Alhaji, a cusa mini a duron wani.”

Yarinyar ta nemi inda za ta shigar da shi. Babu. Manhajata ba ta san wani abu wai shi saƙo ba. Kafin mu farfaɗo ga wani direban tasi da takalman yara, ga wata da turare na amarya. Ashe kusan kowane duro da ke barin shagon nan yana ɗauke da saƙon mutane barkatai, da yardar mai shi, kuma dalilin da ya sa jama'a ke tsallake wasu shagunan su zo nan ke nan. Na ga idon yarinyar ya kawo ruwa. Alhaji kuwa ya dubi tarin ƙunshin, ya dube ta, ya ce a hankali, “Ba komai. Allah bai nufa ba.” Wato dai shago ya tafi.

Zufa ta karyo mini, na kwance lakataye, bakina ya suɓuce na ce, “Ni dai yau na ga ta kaina, ɗan Kano a hannun Badamagare.”

Alhaji ya ɗago kai. “Kai Bakano ne?”

“Na cikin ganuwa ma kuwa.”

Sai ya fashe da dariya har yana dafa ƙirji, 'yarsa na cewa, “Baba, zuciyarka!”

“Ashe bawana ne nake ta yi wa ladabi! Kai, da na sani ai tun ranar farko zan gaya maka aikin nan naka shirme ne. Duro ɗaya mutum ɗaya? A gidanku haka ake zumunci?”

“To me ya hana ka faɗa, ranka ya daɗe?”

“Baƙo ya zo da takardu, ya sha wahala, in ce masa bai iya ba? Amma Bakano, ai ko zaginsa lada ne.”

Wanda bai sani ba, tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma abokin wasa ba ya jin kunyar gaya maka gaskiya. Abin da sa hannu bai ba ni ba, wasan nan ya ba ni.

Muka koma hawan farko, abin da malamaina suka hana. Na ajiye kwat a gida, na riƙa zuwa ina zama a kan buhun shinkafa. In na zana abu sai in ce, “Badamagare, duba, ko karatun ya fi ƙarfinka?” Shi kuma ya zazzage mini duk inda na kauce. Muka buɗe wa saƙo gurbinsa: na wane ne, a duron wa yake, wa zai karɓa, har da abin da za a rubuta wa kwastan. Yarinyar ce ta yi lodin kwantenar azumi da kanta, Alhaji na gefe a kujera yana shan shayi, yana cewa ai Bakano bai iya komai ba, 'yarsa ce mai kai.

Shagon na nan har gobe, a hannunta. In na bi ta wajen sai Alhaji ya ƙwala, “A ba bawana ruwa!”

Tun daga ranar, in mai aiki ya cika ce mini “madalla”, gabana faɗuwa yake yi. Ba na ɗora tubali ko ɗaya sai na samo hanyar da zai iya ce mini “a'a” ba tare da ya ji kunya ba.