Ranar Da Dattawa Suka Yi Wa Kwalba Taron Rimot

In dai ina numfashi, ba zan manta da wannan rana ba, ko na so mantawa mutanen ƙauyenmu ba za su bari ba. Kafin fitinar nan ne da ta watsa yankinmu na Jazira a nan Sudan. Ɗiyata ta dawo hutu daga karatu a waje, tana son komawa ta ƙara zurfi, yayana kuwa, wanda maganarsa ce ke yanke hukunci a gidanmu, ya ce a'a.

"Likita ce? Injiniya ce? Karatun me take yi?"

Ta fito da 'yar kwalba a liƙe, da ruwa ɗorawa-ɗorawa a ciki. Ta ce kar a buɗe, akwai dalma. Ta ce cikin ruwan akwai ƙwayoyin lu'ulu'u ƙanana ƙwarai, sunansu ferofiskait. Idan aka harba musu hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, ƙwaya takan haɗiye ɗigon haske biyu a lokaci guda, ta fitar da haske kore shar.

Ni kuwa, da yake ina karanta ajami ba tuntuɓe, na ɗauka babu ilimin da zai gagare ni. Ban tambaye ta komai ba. Da ta tafi birnin Madani gaida gwaggonta, na bi gida-gida ina aron rimot. Bayan la'asar na tara dattawa, har da yayana, a ɗakin ajiyar dawa don su ga koren hasken da idonsu, na toshe taga da buhu, na ɗora kwalba kan turmi.

"Da bisimilla, kowa ya danna tare!"

Muka danna. Duhu. Muka matso, muka sake. Zufa ta jiƙe mana jallabiya.

"Malam, ko mu ƙara da Ƙulhuwallahu?" in ji liman.

"Ni na baro ruwa yana shiga gonata," wani ya ce, "don in zo in kashe talabijin ɗin da babu."

Haka ɗiyata ta turo ƙofa ta same mu, tsofaffi a durƙushe kewaye da turmi. Sai da ta dafa bango don dariya.

"Baba! Ko rimot ɗin Sudan duka kuka tara ba zai yi ba. Ɗigon biyu sai sun faɗa kan ƙwaya ɗaya a ƙiftawa ɗaya. Naku tsilli-tsilli suke zuwa. Sai na'urar leza mai dunƙule haske wuri guda, ita kuwa tana can makaranta."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe mata karatu da hannuna. Yayana ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya share hawaye.

"Ke, koma. Abin da ya durƙusar da ubanki gaban turmi ba ƙaramin abu ba ne. Ki koyo shi da kyau, ki zo ki fid da mu kunya."

Allah ya rufa asiri ta inda ban zata ba. Tun ranar, in na ji rabin bayani, nakan zauna in nemi sauran kafin in kira jama'a.