Miyar Hunud da Kisra

Shekarar da muka koma gidan da ke bayan kasuwar Gadarif, maigidana yana tuƙa tarakta a mashru, wato manyan gonakin dawa da riɗi da ke hanyar Gallabat. Da an yi ruwan farko zai ɗaure kayansa ya tafi, sai dai mu riƙa ganinsa jefi-jefi har a yanke riɗi. Gida ya rage daga ni sai surukata, wadda muke kira Hajja, da 'yata da ke goye.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wasu Indiyawa, waɗanda mutanen gari ke kira Hunud. Maigidan yana da kantin yadi a kasuwa. Mahaifiyarsa tsohuwa ce 'yar firit, kullum cikin farin zane marar ado. Habboba nake ce mata, kamar yadda Larabawa ke kiran kaka, ita kuma ta ce mini "ya bitti", wato 'yata. Larabcinta a karye yake, nawa ma ba wani na kirki ba ne, don a ƙauyenmu da Hausa muka tashi. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Duk wanda ya yi damina a Gadarif ya san lakarta, baƙa mai danƙo da ke ƙwace wa mutum takalmi. Ita ce ta kwashe Habboba wata safiya a tsakar gidansu, ta faɗi a kan hannunta na dama, wuyan hannun ya karye. Surukarta kuwa, matar ɗanta, ta tafi Bur Sudan haihuwa wurin iyayenta, ɗanta yana kanti tun safe har yamma.

Washegari na yi miyar busasshiyar kuɓewa da sharmut, naman nan da muke shanyawa mu daka, na haɗa da kisra mai laushi, siririyar wainar dawa da muke ci da miya, na kai mata. Ta buɗe kwanon, ta sunsuna, ta mayar da murfin a hankali, ta dafa ƙirji.

"Na gode, ya bitti. Amma ni ba na cin nama."

"To bari in yi miki wata, ba zan sa ba."

"A tukunyar da kike dafa naman?"

Na ce e, ai ita ke nan gare ni. Ta yi murmushi ta girgiza kai. Na dawo gida da kwanona, na faɗa wa Hajja yadda muka yi. Tana zaune a kan angarib, gadon nan na igiya, tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To sai a zuba mata ido ta kwana da yunwa? Koma ki tambaye ta abin da take ci. Bar min yarinyar."

Haka na fara shiga kicin ɗin Habboba. Ta zauna a 'yar kujera kusa da kanun, wato murhun gawayi, hannu a rataye da ƙyalle, ni kuma ina yin abin da ta ce. Ta sa na ɗauko wani zagayayyen gwangwani na farin ƙarfe. Da na buɗe sai ga ƙananan kofuna a jere a ciki, kowanne da irin yajinsa da kalarsa. Kurkum da barkono da hulba na san su. Kamun da kazbara na saba ganinsu a kasuwa, amma ban taɓa saya ba. Akwai kuma wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ba su kai gero girma ba, ta ce da Larabci sunansu hardal.

Na fere dankalin turawa da kabewa, na yanka baƙin gauta da tumatir. Ta ce in daidaita girmansu don su nuna tare. Sannan na ɗora tukunya na zuba man riɗi, irin wanda raƙumi ke matsewa a bayan gari. Mu a gida albasa muke fara jefawa, don haka na miƙa hannu wajenta. Habboba ta tare ni da hannunta mai lafiya.

"Hardal tukuna. Ki kuma riƙe murfi."

Ina zubawa suka fara tsalle suna fashewa kamar gugguru, wata ta same ni a kumatu. Na ja baya ina salati, ita kuwa tana ta dariya har da hawaye. Ta ce in saurara, idan ƙarar ta fara raguwa sai kamun da hulba kaɗan, sannan albasa da citta da tafarnuwa. Kurkum da kazbara da barkono sai da ta sa na rage gawayi kafin su shiga, ta ce garin yaji ba ya son wuta mai ƙarfi, nan da nan yake ɗaci. Na juye kayan lambun na gauraya har kowane yanki ya yi ruwan ɗorawa, na zuba ruwa kaɗan na rufe. Da ya kusa nuna ta sa na jiƙa tsamiya na tace a ciki. Sai ta nuna mini gwangwanin sukari.

"Sukari a miya, Habboba?"

"Kaɗan. Kamar yadda kike sa gishiri a kunu."

Ban gaya mata cewa mu ba ma sa gishiri a kunu ba. Na dai zuba. Ta ci da shinkafa, da cokali a hannun hagu, ta matsa sai na ɗanɗana. Zafin bai buge ni nan take ba, a hankali ya taso. Ga tsami, ga ɗan zaƙi can ƙasa, gautan ya narke, dankalin ya shanye man. Na ci na ƙara.

Na yi ta zuwa har ƙarshen damina. Wata rana kuɓewa ɗanya muke yi, wata rana wake da kabewa. Kafin a kwance mata hannu na daina jiran umarni, sai dai ta zauna tana ba ni labarin garinsu na bakin teku, wanda ta baro tun tana amarya. Rabin zancen ban gane ba, amma ina amsawa.

Da surukarta ta dawo da jariri, Habboba ta ƙulla mini kowane yaji a ƙyalle ta ba ni. Na sayi sabuwar tukunya na keɓe ta, don in na dafa in iya ɗiba in kai mata. Ranar da na fara yi a gidanmu, hayaƙin barkono ya sa Hajja atishawa har ta ɗauki tabarmarta ta koma ƙarƙashin rumfa. Amma da na kawo mata da kisra, ta gutsura ta dangwala, ta tauna.

"Da kin sa 'yar markaɗaɗɗiyar gyaɗa," ta ce, "da ta kama kisrar."

Washegari na sa. Gaskiyarta ce, romon ya yi kauri ya daina zubewa. Na kai wa Habboba, ta ɗanɗana ta ce wannan kuma ba miyar garinsu ba ce, amma ta cinye.

Maigidana ya dawo bayan yankan riɗi, ya yi baƙi ya rame. Na ajiye masa tire a inuwa. Ya sa hannu ya juya miyar gefe da gefe, ya leƙa ƙasan kwanon.

"Lafiya dai? Mahauta sun yi ƙaura ne?"

"Ci ka yi shiru," in ji Hajja. "Wata nawa ka yi kana cin tuwon dawa da miyar da babu ko mai?"

Ya ci yana share gumi, ya ce a ƙaro kisra. Bai yabe ta ba, shi dama ba mai yabon abinci ba ne. Sai da lokacin komawa girbin dawa ya zo, ina haɗa masa kaya, ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya. Ya ce akwai Habashawa a cikin leburorinsu masu yin wani azumi da ba sa cin nama ko nono, kuma kabewa ta yi yawa a gefen gonar har tana ruɓewa. Ko zan nuna masa yadda ake yin miyar nan?

Rannan na ga abin da ban taɓa gani ba, shi tsugune gaban kanun da murfin tukunya a hannu, Hajja tana daga nesa tana ba shi shawarar da ba a tambaye ta ba. Na ƙulla masa hardal da kamun da kurkum, na nanata masa ya rage wuta kafin garin yaji.

Da ya dawo na tambaye shi yadda ta kaya. Ya ce ranar farko ta ƙone, ta biyu kuma wani Bahabashe ya karɓe ludayin ya zuba nasu jan yajin a ciki, tun daga nan Bahabashen ne mai dafawa har aka gama girbi. Ya ce ta yi daɗi sosai, sai dai in na gan ta ba zan gane ta ba.