Dutsen Niƙan da Ke Ofishinmu

Shekarun baya, lokacin ina sakatariyar wata 'yar ƙungiyar raya al'adu a Kafanchan, na yi wani kuskure da har yau ban gama haɗiye shi ba. Ƙungiyar ta sa-kai ce, ba ta biyan kowa albashi a cikinmu: malaman makaranta ne, da wani fasto mai ritaya wanda shi ne shugabanmu, sai ni. Aikinmu mu bi ƙauyuka mu naɗi waƙoƙin tsofaffi kafin su tafi da su kabari. Ni kuwa a lokacin, in ana neman mai son takarda a zo wurina. Komai sai an rubuta, komai sai an sa hannu. Dokokin ƙungiyar ma ni na tsara su, shafi goma sha huɗu, ina ta hura hanci a kansu.

Mahaifiyata ce ta ba ni labarin wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Manchok. Ta ce ita kaɗai ta rage da ta iya waƙoƙin niƙa na yarensu, irin waɗanda mata ke yi suna durƙushe a kan dutse. A cikinsu mace take faɗa wa miji laifinsa ba tare da ta dubi idonsa ba, a cikinsu take kukan ɗan da ta binne. Da injin niƙa ya shigo, waƙoƙin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na yi murna ƙwarai, sai dai murnar tawa ta sakatariya ce. Nan da nan na sa tsohuwar, wadda kowa ke kira Kaka, a jerin masu wasa na bikinmu na shekara, na ba ta minti goma sha biyar, na sa aka ɗinka mata anko. Da na nuna wa mahaifiyata takardar shirin, sai ta dube ni ta ce, "Kin shirya mata dutse?"

Na yi dariya na ce, "Mama, dandamali ne fa, ba madafi ba."

Ta ce, "To."

Ranar bikin aka ɗauko Kaka a acaɓa zuwa bakin titi, daga nan ta hau bas. Zauren ya cika, 'yan zumuntar mata ta coci sun zo da gangunansu, manyan baƙi suna layin gaba. Na riƙo hannunta har kan dandamali, na tsayar da ita gaban makirfo, na kunna na'urar naɗar murya. Ta dubi jama'a, ta dubi hannuwanta. Ta buɗe baki, ta rufe. Ina ganin kafaɗunta suna ɗan motsi gaba da baya, suna neman abin da babu. Wasu suka fara ƙus-ƙus, wani ya yi dariya daga baya. Sai ta juyo gare ni ta yi magana a hankali, ba ta san makirfo yana ɗauka ba.

"'Yata, waƙan ba ya zuwa a tsaye. Dutse ne yana kira shi. Ki zo gida, zan yi miki duka."

Na sauko da ita ina jin kunya, kuma in faɗi gaskiya, har da ɗan haushi, don ta ɓata mini tsari. Na yi mata alkawarin zan je ranar Asabar.

Abin da ya hana ni zuwa, ni na ƙirƙire shi da hannuna. A cikin dokokin nan nawa akwai wadda ta ce na'urar ƙungiya ba ta fita daga ofis sai kwamiti ya zauna ya yarda, shugaba ya sa hannu. Shugaba kuwa ya tafi Kachia haƙar citta. Na kira shi a waya, ya ce, "Madam Sakatare, ki ɗauka ki tafi mana, wa zai tambaye ki?" Na ce a'a, in ni da na rubuta doka na karya ta, gobe kowa zai karya. Muka kira taro, mutum uku suka zo, ba mu cika ba. Muka ɗaga. Taro na biyu ya faɗa ranar jana'izar wani dattijon ikilisiya, muka sake ɗagawa. Duk tsawon wannan lokaci wayata tana cikin jakata, kuma tana naɗar murya sarai. Na raina ta, wai ina son aiki mai inganci.

Sau biyu Kaka ta aiko mini da saƙo ta bakin mahaifiyata. Na biyun cewa ta yi ta jiƙa dawa, tana jirana.

An sa hannu ranar wata Alhamis, bayan sati bakwai. Ranar Asabar na hau acaɓa rungume da na'ura da takardar izini a cikin fayil. Tun daga nesa na hango rumfa da kujerun roba a ƙofar gidan, na ji mata suna waƙar coci. Mai acaɓa ya rage gudu da kansa. Ta rasu ranar Laraba, kwana ɗaya kafin a sa hannun.

Surukarta ta gane ni. Bayan na yi gaisuwa ta ja ni bayan ɗaki, ta nuna mini dutsen niƙan, tsakiyarsa ya lotsa saboda shekaru. Ta ce, "Anti, kowane Asabar Mama yana wanke shi, yana cewa malama zai zo yau. Mu ba mu iya waƙan ba. Ki tafi da shi, nan ba wanda zai taɓa." Na durƙusa a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, fayil ɗin yana kan cinyata.

Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba, kuma shirun nata ya fi mini zafi. A taro na gaba na nemi a soke dokar, aka soke ba gardama. Yanzu duk wanda ya shigo ƙungiyar, abu na farko da nake faɗa masa shi ne, in tsoho ya ce ka zo, ka tafi ranar, da abin da ke hannunka, kuma ka same shi a inda yake yin abinsa. Tsofaffi ba sa jiran kwamiti ya cika.

Dutsen yana nan a kusurwar ofishinmu. Baƙi sukan tambaya ko muna da waƙoƙin da ake yi a kansa, sai in ce muna da muryar mai shi. Gaskiya ne, muna da ita, ba ta kai minti ɗaya ba. Wani lokaci in kowa ya tashi nakan kunna, in ji hayaniyar zaure, in ji dariyar mutumin nan, sannan in ji ta tana cewa in zo gida, za ta yi mini duka.