Hannun Is'haƙa Maɗori

A Kamarawa in ka ji ihu daga bayan masallaci, ba gobara ba ce, Is'haƙa maɗori ne a bakin aiki. Ɗori gadonsu ne. Ubansu ya koya musu su biyu, shi da yayarsa Tasalla, amma tun da ta yi aure a Isa sai mata da yara take dubawa, shi kuwa ya gaji zaure da suna. Kayan aikinsa man shanu ne da kara da tsumma da tofi, sai ƙarti biyu masu danne mutum.

Ya iya aiki, wannan ba musu. Kunnensa ne ya ɓatar da shi. Shekara da shekaru yana jan ƙashi yana jin abin da ke fita daga bakin mutane. Wani ya ce shi ya shanye furar liman, wani ya nemi gafarar jakin da ya daka bara, wani kuma ya saki matar da tuni ta rasu. Daga nan Is'haƙa ya sa wa ransa cewa gaskiya a cikin ƙashi take kwana, kuma hannunsa ne ke tayar da ita.

Ranar da rediyon mai shayi ya ce ana gardama ko za a kai jami'an tsaro kotu saboda azabtar da waɗanda ake tuhuma, har shayinsa ya ajiye don haushi.

"Kotu? Don sun matsa ɓarawo?" in ji shi. "Wanga zance na waɗanda ba a taɓa kore ma shanu ba na. A ba ni mutum in kama mashi gwiwa, har abin da kakanai yas sata sai ya hwaɗi."

To, da damina ta faɗi 'yan bindiga suka kore shanun gari, har da bijiman Is'haƙa na huɗa. Kowa ya ce sai da ɗan gari akan ci gari, lalle akwai infoma mai kai musu labari. A makon ne Jabir, ɗan kabu-kabun da ke kai kaya Burkusuma, ya faɗi da mashin ya karya ƙafa. Cikin masu danne shi akwai Dalhatu, shugaban 'yan sa-kai. Is'haƙa ya kama ƙafa ya ja, sai shaiɗan ya raɗa masa tambaya.

"Kai da kullum kana hanyar daji, wa yan nuna musu garke?"

Jabir ya ce bai sani ba. Is'haƙa ya ƙara ja.

"Ni na, Baba, ni na. Sake ni."

Ko tsumma ba a gama naɗawa ba 'yan sa-kai suka ciccibe shi suka kulle a ɗakin da suke tsare mutane. Wanda aka kira infoma a ƙasar nan kuwa, kowa ya san ba ya tsufa. Is'haƙa ya yini yana yawo a gari kamar sabon ango.

Bayan 'yan makonni sai ga shi ya hau gyaran jinkar rumbu, tsani ya zame, hannun dama ya karye. Maɗori ba ya ɗora kansa, dole aka aika wa Tasalla. Ta iso da labarin Jabir a kunnenta, domin uwar yaron ta riga ta je mata da kuka. Dalhatu ya danne kafaɗa, ta shafa man shanu, ta ja.

"Is'haƙa, wa yan nuna ma ɓarayi garke?"

"Yaya, wane irin zance na wanga?"

Ta ƙara ja, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ni na," in ji Is'haƙa.

"Kai da wa?"

"Ni da liman."

"Sai wa?"

"Da Dalhatu. Da ke ma, Yaya, in kina so."

Dalhatu ya saki kafaɗa ya ja da baya yana salati. Tasalla ta ɗaure karanta tsaf, ta goge hannu, ta ce wa Dalhatu tun da an samu masu laifi har huɗu, ya faɗi wanda za a fara kullewa, ita dai za ta so a fara da shugaba.

Kafin la'asar an buɗe wa Jabir. Is'haƙa da kansa ya je, hannu rataye a wuya, kunya kamar ta kashe shi. Ya durƙusa ya warware tsumman da hannun hagu, ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har idon sawu. An ja yaron a ƙasa, an bar shi ba mai dubawa, ƙashin ya riga ya kama a karkace.

"Za ni iya gyara ta," ya ce a hankali, "amma sai an sake karyawa."

Jabir ya janye ƙafarsa.

"A'a, Baba. Bar min ita haka nan."